Ɗakin Kifin Balarabe

Balarabe haifaffen Agege ne, kuma ya daɗe yana sayar da fatu a bayan mahauta. Da ciwon gwiwa ya hana shi tsayuwa, sai ya bar wa ƙaninsa rumfar, ya koma kiwon kifin ado. Da akwatin gilashi ɗaya ya fara. Kafin a ankara ɗakin baya ya cika, akwati bisa akwati, jajaye da shuɗɗa suna ta kai da kawo. Yakan ce bai taɓa kiwon abin da ba na yanka ba sai yanzu.

Kifayen nan ruwan ɗumi suke so. Ya saya musu hita, irin sandar nan da ake tsomawa a ruwa, amma hita sai da wuta, ga shi a daminar bana layinsu ya yi makonni babu ita. Ruwan sama ya ƙi ɗaukewa. Kullum da safe sai ya tsamo matattu.

Ya gwada janareto, ƙara da hayaƙi suka dami maƙwabta, ya haƙura. Ya gwada cika robobi da ruwan zafi yana jefawa a akwatunan, nan da nan su huce. Ana nan sai wani mai sayar da burodi a tashar motocin danfo ya ce masa, "Oga, ka bar wahalar ɗumama ruwa. Ɗumama ɗakin gaba ɗaya mana."

Ya sayo kurfoti da buhun gawayi. Ya toshe taga da kwali, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa.

Kifi ya daina mutuwa. Shi kuwa Balarabe ya fara ciwon kai. Kyanwar gidan, da ta saba kwanciya gindin akwatunan, ta daina shiga. Wata safiya matarsa Sa'adiya ta share matattun tsaka daga bakin bango.

"Baban Raihana, ɗakin nan bai kwanta mini ba," in ji ta. "Ina shiga sai jiri."

"Zazzaɓin damina ne ke damunki. Duba yadda suke wasa."

Ran wata Asabar aka kira la'asar bai fito ba. Sa'adiya ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta tura ƙofa, zafi ya bugi fuskarta. Yana zaune a kan kujera, goshinsa jingine da gilashi, idanu rabi a buɗe. Kifayen duk sun taso sama, bakuna a hangame.

Ta kama shi ta hammata tana ja har tsakar gida cikin ruwan sama. Maƙwabta suka sa shi a keke mai ƙafa uku sai asibiti. Likita ya ce gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da guba marar wari, kuma da ta ƙara jinkiri, da gawarsa za ta ɗauko.

Ya dawo gida, amma harshensa ya yi nauyi, ga mantuwa. Abin da ya same shi ma ba ya tunawa. Sa'adiya ta kira kafinta ya cire ƙofar ɗakin, ta ɓoye ashana.

Jiya da yamma hadari ya sake haɗowa ta wajen layin dogo. Sa'adiya ta same shi ya tsoma hannu a ruwan kifayen, yana kallonta.

"Maman Raihana," ya ce a hankali, "sun ji sanyi. Wa ya cire mini ƙofa?"