Tukunyar gas da na ɗaga a gidan makokinka

Allah da ya ba mu aron Baba Sikeli ya karɓi abinsa ranar Talata, tara ga watan Afrilu, jim kaɗan bayan azahar, a tsakiyar wannan zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Kwana huɗu ya yi yana jinya. Mu da muka yi aiki a ƙarƙashinsa a ofishin kula da awo da ma'auni, har yau babu wanda ya iya zama a kujerarsa.

Baba, shekara goma sha ɗaya ina biye da kai da akwatin duwatsun awo. Ranar da na fara aiki na kai hannu zan ɗauki dutsen kilo ɗaya, sai ka doke min hannu, ka miƙo min safar hannu. Ka ce gumin tafi yana cin ƙarfe, kuma dutsen da ake gwada sikelin gari da shi in ya yi ƙarya, gari duka ya yi ƙarya. Wallahi na ji haushinka ranar, na ce a raina wannan tsohon akwai tsirfa.

Daga baya na san ka. Na ga yadda ka zauna a ƙasa gaban wata tsohuwa mai sayar da kifi, sikelinta ya yi tsatsa yana tauye wa masu saye. Ta ɗauka tafiya za a yi da shi. Kai kuwa ka kankare tsatsar, ka daidaita shi, ka buga masa hatimi, har kana tsokanarta wai ta girmi sikelin amma ta fi shi gaskiya. Ko ledar sukari aka kawo maka tsaraba, sai ka juya ta ka karanta nauyi da ranar lalacewa kafin ka yi godiya. Umma, uwargidanka, takan ce ita ma sai da ka ɗora ta a sikeli kafin ka aure ta.

Aikinka na ƙarshe shi ya jawo maka baƙin jini. Sikelin wurin cika gas na bayan tasha ya gaji, yana nuna ƙasa da abin da aka ɗora masa. Tukunyar da aka rubuta wa kilo goma sha biyu da rabi, sai a ɗura mata kusan sha biyar. Jama'a suka gano, layi ya kai bakin titi. Mai wurin ya ce gyara yake yi wa talakawa, ina ruwan hukuma. Ka yi masa bayani a natse: gas yana kumbura in ya ji zafi, dole a bar masa wuri a cikin tukunya, in ya rasa wuri zai nemi hanyar fita da kansa. Bai saurara ba. Ka ɗaure sikelin da waya da jar dalma mai hatimin hukuma. Mata suka yi maka ihu a kan titi, wata ta ce kai mai baƙin ciki ne. Ka ratsa ta cikinsu ka shiga mota, muka tafi.

Ranar uku ina gidanka, ana ta girki saboda masu gaisuwa, sai wata maƙwabciya mai son alheri ta aiko da tukunyar gas cikakkiya. Aka ce in taimaka in shigar da ita kicin. Ina ɗagawa na san akwai matsala. Kai ka koya wa hannuna nauyin sha biyu da rabi, kuma wannan ta wuce shi nesa. Murhu biyu na ci a ɗakin, jikokinka na wasa a bakin ƙofa. Na tambayi inda aka cika ta, aka ce ai wurin bayan tasha ya buɗe tun washegarin rasuwar.

Na juya da ita, na ajiye can ƙarshen tsakar gida a inuwa. Umma ta biyo ni da ido, ta ce, “Ɗana, ta yi nauyi ko?” Na ce ta yi, Umma. Ta rufe fuska da mayafi.

Washegari na je na gani da idona. An tsinke wayar, jar dalmarka na yashe a ƙasa an tattake ta, layi ya koma yadda yake. A ofis na tarar da takarda a kan teburina, babban shugabanmu yana so in sa hannu cewa an duba sikelin, lafiyarsa ƙalau. Ya ce kada in fara da rigima. Ban sa ba, Baba, kuma tsoro nake ji. Ban san gida nawa tukwanen nan suka shiga cikin 'yan kwanakin nan ba, ga rana kullum sai ƙara zafi take yi.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya yafe kurakuranka, ya nauyaya mizaninka na alheri. Ina miƙa ta'aziyya ga Umma da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba su haƙuri da dangana. Ku kuma da kuka cika gas a bayan tasha a makon nan, har da ke baiwar Allah da kika zage shi a titi, don Allah ku fitar da tukwanenku inuwa, nesa da wuta, tun yau. Gobe da safe zan ɗauki akwatinsa in koma wurin da sabuwar dalma. Ku sa mu a addu'a, ni da shi.