Aljihun Hagu na Baba

Makon jiya mai karɓar haraji ya zo daga Ikara saboda injin niƙan cocinmu na Saulawa. Da ya tafi, wani a kwamiti ya ce, "Mu riƙa zuba kuɗin injin cikin baikon coci kawai, ai ba a biyan haraji a kan baiko." Nan take Baba ya faɗo mini a rai, tsohon ma'ajinmu da muka binne bara, wanda na gaji aikinsa.

Aljihu biyu ne a rigarsa. Na dama na baikon Lahadi ne, na hagu na injin, kuma na hagun kullum fari fat yake da garin masara.

Wata damina na kai niƙa, injin na ruri, warin mai ya cika rumfar. Na tarar da shi zai tafi biyan haraji. Na ce, "Baba, ga rufin coci na yoyo, mu ma sai mun biya?"

Ya zaro takardar kuɗi ya kaɗa ta, gari ya tashi. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, baiko kawo wa Allah aka yi. Wannan kuwa ciniki muka yi. Ko na yi shiru, garin masarar nan zai faɗa."

A zaman kwamitin nan na makon jiya na ce ban yarda ba, amma babu mai tsaya mini. Yanzu ta waya ake turo kuɗin niƙa, ba gari a jikinsa.

Ubangiji ya ba Baba hutawa, mu kuma ya tsare mana aljihun hagu.