Kawu Garba, Haƙora a Gwangwani, Doya a Turmi

Duk wanda ya zauna a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya san Kawu Garba, Allah ya jiƙansa, ba ya cin abinci da haƙoransa. Ba wai ba shi da su ba ne fa. Yana da su reras, farare tas, sama da ƙasa, waɗanda babban ɗansa Nasiru ya kai shi asibiti aka yi masa. Amma suna cikin wani gwangwanin alewa, an naɗe su da farin hankici, a aljihun gaban rigarsa. Ranar Juma'a ya saka su ya tafi masallaci. In za a ɗauki hoto ya saka. Da zarar an ajiye kwano a gabansa kuwa, sai ya juya baya, ya zare su, ya mayar cikin gwangwani, sannan ya yi bismillah.

In ka tambaye shi dalili, kallon mahaukaci zai yi maka.

"Na Allah ma da na yi ta tauna da su, ina suke? Sun zube! Balle na roba? So kake su cinye?"

To mutumin da ya hana haƙoransa aiki, ai dole abincinsa ya zo masa da laushi. Nan turmi ya shigo.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Daga Rano aka kawo ni gidansa lokacin da zan fara karatun jinya. Washegarin zuwana da hantsi na ji dum, dum, dum a tsakar gida. Na fito da gudu, sai ga Kawu daga shi sai singileti da wando, tawul a wuya, yana kirɓa doya. Matarsa Inna Asabe tana zaune a gefe tana tsintar shinkafa, ko a jikinta. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

"Kawu, kawo in karɓa maka!"

Inna ko kai ba ta ɗago ba. "Ƙyale shi, Dije. Tun ba a haife ki ba nake cewa ya kawo."

Shekarunsa na ƙarfi duk a babbar mota ya yi su, yana ɗauko doya daga Binuwai, kuma a can ya koyi sakwara a wurin matan da ke sayar da abinci a tasha. Da ya ajiye tuƙi, haƙora suka bi, sai ya faɗaɗa harkar. Doya, dankalin Hausa, dankalin turawa, rogo, gwaza, duk abin da aka tono daga ƙasa, a wurinsa maganarsa ɗaya ce: "A kirɓa shi!" Dankali da man shanu da ɗan yaji. Gwaza da manja da albasa. Wani abokinsa ya taɓa kawo masa tsarabar kilishi, muka ce yau dai haƙora za su fito. Ina! Ya jujjuya shi, ya sunsuna, ya ce, "A kirɓa shi." Cikin dankali ya tafi. Kuma wallahi ya yi daɗi, abin haushin ke nan.

Da na fara aiki, sai na ce bari in hutar da tsoho. Na sayo injin markaɗe na lantarki, irin na kan tebur. Ya zagaya shi sau biyu yana kallo. Ran nan ya tafi ta'aziyya Hotoro ya daɗe, aka yi sa'a kuma akwai wuta, sai na dafa doya na zuba a ciki, na ɗan ƙara ruwa, na danna. Ta fito sumul, tana ƙyalli. Na zuba masa a kwanonsa, na koma gefe ina jiran yabo.

Ya dawo, ya wanke hannu, ya tsoma. Ya ɗago hannun, doya ta biyo shi. Ya ƙara ɗagawa har saitin kunnensa, tana nan biye kamar cingam. Ya yarfe, ta ƙi. Ya sa ɗaya hannun ya cire, shi ma ya kamu.

"Dije."

"Na'am, Kawu."

"Me baiwar Allahn nan ta yi miki?"

"Kawu, duba fa, ko gudaji ɗaya babu!"

"Ai gam ma ba shi da gudaji."

Kun san shi, ba ya zubar da abu. Ya ɗauki kwanon ya tafi soro, ya shafa wa bayan kalanda, ya manna a bango. Shekarar ta wuce, wata ta wuce, kalandar tana nan. Aka zo fenti, mai fenti ya yi ya yi ta ƙi fita, sai zagaye ta ya yi. Duk baƙon da ya zauna a soron sai Kawu ya nuna masa ita da sanda.

"Ka ga wannan? Girkin 'yata ne. Nas ce."

Amma wanda ba zan taɓa yafe masa ba, ko da yake na yafe, shi ne na ranar ɗaurin aurena. Mahaifina ya ce tunda a hannun Kawu na yi karatu, shi zai ba da ni. A masallacin unguwar su Aminu, mijina, a Tarauni aka sa za a ɗaura, ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya. Kawu ya ƙi bin motar Nasiru, wai shi ba a ɗaukarsa kamar buhu. Ya sha babbar riga, ya kafa hula, ya saka haƙora, ya hau adaidaita shi kaɗai.

Sha ɗaya ta yi, masallaci ya cika, ba Kawu. Sha ɗaya da rabi, ba Kawu. Wayarsa a kashe, don ba ya kunna ta sai in shi zai kira, kada batir ya ƙare. Ina gida cikin ƙawaye, kira yana ta shigowa. Wannan ya ce ko haɗari suka yi, wancan ya ce ko ya fasa ba da ni ne. Na yi kuka har kwalliyar da aka ɓata awa biyu ana yi mini ta gangaro haɓa.

Ashe da ya sauka a bakin titi, yana tafiya zuwa masallaci, sai ya ji daka daga wani gida. Ya tsaya. Ya kasa kunne. Shi dai ya ce daga jin faɗuwar taɓaryar ya san doyar ta fara hucewa, kuma masu dakan hira suke yi. Ya yi sallama sau uku, aka ce ya shigo, an zaci mai kawo itace ne. Ya rataye hula a ƙusa, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya ce wa matar da ke riƙe da taɓarya, "'Yata, ba ni nan, kafin ki kashe ta."

Gidan su ango ne, bai sani ba sai da ya fara daka ya ji hirar matan. Su ma ba su san shi ba. Sakwarar walimar aurena ce ake yi.

Turmi uku ya kirɓa. Mahaifiyar Aminu, Hajiya Binta, ta gutsira ta kai baki, ta lumshe ido.

"Malam, wa ya turo ka?"

"Allah."

"To don Allah kar ka tafi ba ka bar mini lambarka ba. Wata mai zuwa zan aurar da 'yata, kai nake so ka yi mana."

Daidai nan Nasiru, da aka kwatanta masa inda tsohon ya shiga, ya faɗo gidan yana haki, gumi ya jiƙa masa shadda. "Baba! Liman yana ta jira! Jama'a sun fara tashi!"

Kawu ya goge hannu, ya ɗauki hularsa, ya dubi Hajiya.

"Za mu yi maganar, Hajiya. Bari in je in ba ɗanki mata tukuna."

An ce sai da ta nemi kujera ta zauna. A hanya Nasiru yana ta faɗa, Kawu ya ce masa, "Kai yaro ne. Aure ko da la'asar aka ɗaura shi zai ɗauru. Doya in ta huce, shi ke nan."

Kuma abin bai ƙare nan ba. Da liman ya tambaye shi ko ya bayar, tunda bai saba magana da haƙoran ba, sai wani fito ya fita a maimakon amsa. Liman ya sake tambaya. Fito ya sake fita. A na uku Kawu ya zare su a gaban jama'a, ya ce da ƙarfi, "Na ba shi!" ya mayar. Aminu ya ce har liman sai da ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Bayan wasu shekaru aka gano yana da ciwon suga. Ni na raka shi wurin likita, wata 'yar siririya mai haƙuri. Ya zauna ya fara jero mata.

"Doya fa?"

"Ka rage, Baba."

"Dankali?"

"Shi ma."

"Rogo? Gwaza?"

"Baba, duk ba a hana ka ba. Amma kowane ci, kar ya wuce girman dunƙulen hannu ɗaya."

Ya gyaɗa kai kamar mutumin kirki, har da yi mata addu'a. Na yi mamakin sauƙin abin. Bayan mako uku muka koma awo, suga ko motsi bai yi ba. Na biya gidan ba sanarwa, na tarar da shi gaban wata malmala kamar kan jariri.

"Kawu! Wannan ne dunƙulen hannu?"

"Shi ne. Tambayi Innarki."

Inna Asabe ta ce, "Kasuwar Tarauni ya je ya ɗauko Ado mahauci. Wannan tsohon ɗan damben. Ya sa shi ya dunƙule hannu, ya auna."

"Likita ta ce dunƙulen hannu," in ji Kawu. "Ba ta ce na wa ba."

Na so in yi dariya, amma ranar ba ta zo ba. Na zauna a ƙasa gabansa na ce, "Kawu, kullum ina wanke wa masu wannan ciwon ƙafa. Wasu ana yankewa. Ni ba zan iya tura ka a keke ba, wallahi ba zan iya ba." Sai hawaye. Ya ture kwanon gefe. Can ya kamo hannuna, ya lanƙwashe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga shi yana dubawa ta kowane gefe.

"Wannan ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba."

Amma daga ranar da nawa yake aunawa. Dakan ne dai bai rage ba. Turmi cike zai yi, ya ɗebi ɗan nasa, sauran ya aika wa masu adaidaitan da ke hutawa a ƙarƙashin bishiyar bakin layi. Ya tsaya a kansu kuma sai sun faɗi abin da ya sa a ciki. Wanda ya kasa, gobe ba shi da rabo.

Ciwonsa na ƙarshe ba sugan ba ne ma, zuciya ce. An kwantar da shi a asibitin da nake aiki. Gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo manomi daga Sumaila, Malam Iro, an yi masa aiki a muƙamuƙi, ba ya iya tauna. Kunu kawai yake kurɓa, shi ma ya gundure shi, duk ya rame. Kawu ya kwana biyu yana kallonsa, sai ya kira ni.

"Je ki tambayi likitansa ko zai iya cin dankalin turawa da karas da kabewa, in an yi su laɓa-laɓa."

Likita ya ce zai iya. Daga kan gado, da robar iska a hanci, Kawu ya riƙa ba Inna Asabe umarni kamar mai ba da hannu a titi: kar ruwa ya yi yawa, a tsane shi, a kirɓa da zafinsa, man shanu rabin cokali. In ta kawo, sai ya sa a matso masa da gadon, ya ɗauki cokali.

"Buɗe baki, Malam Iro. Kai sabon shiga ne. Mu mun daɗe a wannan fanni."

Malam Iro ya so ya yi dariya, ɗinki ya hana shi, sai ya riƙe haɓa yana hawaye. Ya ci. Gobe ma ya ci. Sai daga baya na lura rabon Kawu ma cikin kwanon Malam Iro yake tafiya, in na tambaya ya ce ya ci tun ɗazu. An sallami Malam Iro yana tafiya da ƙafarsa. Kawu kuwa bayan kwana tara, ranar wata Talata da la'asar, Allah ya karɓi abinsa.

Wata huɗu da rasuwar, na je gaishe da Inna, sai muka ji sallama. Na leƙa, ga Malam Iro a ƙofar gida, ya yi ƙiba, mai adaidaita yana sauke masa buhun dankali. Gida-gida ya yi ta tambaya har ya same mu.

"'Yata, ashe nan ne! Ina Malam Garba? Na gonata ne na kawo masa. Ya ce in na kawo zai nuna mini yadda ake yi."

Na waiwaya cikin gida. Inna ce ta faɗa masa daga bayan labule. Ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya zauna a kan buhun, ya cire hula ya riƙe a hannu. Da ya ɗaga hannuwansa, muka ɗaga namu.

Allah, ka san bawanka Garba fiye da yadda muka san shi. Ya ba mu dariya, ya ciyar da wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.