Ɗaya Gefen Buhun

Mai Buhu ake kiran Inna a layinmu, ko da yake rabonta da buhu tun ina makarantar firamare. Sunan ne ya manne mata ya ƙi fita. Yaran yanzu sun ɗauka saboda ƙibarta ce, ita kuwa ba ta taɓa gyara musu ba.

"Ƙyale su," take cewa, "ai gara su san ina ci ina ƙoshi."

Baba ya rasu ina ƙarama, ya bar ta da ni da keken ɗinki. A ƙarshen titinmu akwai kamfanin da ke yin kwanon rufi, irin mai kaurin nan da ake haɗawa da siminti. Wani farin abu mai laushi ake kawo musu a buhun algarara suna zubawa cikin haɗin, in sun juye sai su jibge buhunan a ƙofar baya. Mai gadin wurin abokin Baba ne, shi ya ce mata ta riƙa kwasa tun da zubarwa ake yi. Takan ɗauro su a ka ta shigo gida fari fat har gira, maƙwabta na tsokanarta wai tsufa ya zo mata da wuri.

A bayan ɗaki muke aikin, tsakanin katanga da famfo. Ta sa reza ta warware ɗinkin, buhu ya buɗe ya zama shimfiɗa. Daga nan sai kakkaɓewa, ita kuwa ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Inna ta kama gefe ɗaya, ni ɗaya gefen, mu ɗaga tare mu fizga. Farar ƙura ta tashi sama, ta sauko a hankali ta zauna mana a gashin ido. Duk cikin aikin gida wannan na fi so, don wasa nake ɗaukarsa. Kafin mu fara sai ta ɗaure min kai da tsohon ɗankwali tamau, kada kitsona ya lalace. Kai ake rufewa. Hanci da baki kuwa ko sau ɗaya ba wanda ya tuna da su, dariya ma muke yi da baki a buɗe.

In an wanke sun bushe, ta ɗinka jakunkunan cefane da rigar katifa da abin goge ƙafa. Hannunta na da kyau, ɗinkinta ba ya farkewa. Da wannan na fara karatun da ya kai ni zama malamar makaranta. Daga baya kamfanin ya rufe, Inna ta sake aure, ta haifi ƙanena Auta, ta koma ɗinkin kayan yara. Auta bai taɓa ganin buhun nan da idonsa ba, labari kawai yake ji.

Bara ciwon ya fara, a haƙarƙarinta na dama. Ta ce zaman keke ne. Sai numfashi ya soma yi mata kaɗan, in ta yi shara sai ta dafa bango. Muka sha maganin tari, muka sha na sanyi, muka sha wanda maƙwabciya ta ce ya yi wa surukarta aiki. Da muka je asibiti aka ce ruwa ne ya taru a ƙirji. Suka soka roba ta gefenta suka zuƙe shi, launinsa kamar shayi marar madara. Ta samu sauƙi, har ta yi wa nas tallan ɗinki wai ta kawo 'ya'yanta ta auna su. Ba a daɗe ba ruwan ya dawo. A karo na biyu suka yanko ɗan nama suka kai gwaji.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta zaunar da mu ta ce, "Mama, wane aiki kika yi a rayuwa?"

"Ɗinki."

"Kafin ɗinkin fa?"

"Ɗinkin dai. Na buhu."

"Buhun me?"

Da Inna ta faɗa mata, likita ta ajiye bironta. Ta ce farin abin nan sunansa asbestos. Zare ne siriri da ido ba ya gani, in an shaƙe shi ba ya ruɓewa kuma ba ya fita. Yakan maƙale a tantanin da ya lulluɓe huhu, ya yi shiru shekara talatin ko arba'in, sannan a jikin wasu ya zama ciwon daji. Ta faɗi sunan ciwon, mesotiliyoma. Ta ce na Inna ya yi nisa, za a iya rage mata zafi da wahalar numfashi, amma ba za a iya cire shi ba.

Na zauna ina jiran in ji wani abu a zuciyata, ban ji komai ba. Fankar da ke sama nake kallo, ɗaya fiffikenta ya lanƙwashe. Inna ma ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi saura nawa ba. Gyara mayafi ta yi ta ce, "To wanda ya riƙe ɗaya gefen fa?"

Likita ba ta gane ba. Inna ta nuna ni da baki.

Daga ranar ciwonta ya daina damunta, nawa da babu shi ta sa a gaba. In na shigo daga makaranta, kafin ta amsa sallama za ta ce, "'Yar nan, kin je an ɗauki hoton ƙirjin?" In ce ban samu lokaci ba. Ta ce lokacin me. Ni kuma ina da baki, a wurinta na gada. Na ce mata ita ce a kwance ba ni ba, ta bar ni in ji da abu ɗaya. Auta ya yi ƙoƙarin raba mu da wasa, wai in ana rabon ciwo a gidan nan shi ko sadaka ba a ba shi ba. Ba wanda ya yi dariya, sai ya fita sayo ƙanƙara.

Gaskiya ba tsoro ne ya hana ni zuwa ba. Da tsoro ne da na san abin da zan yi da shi. Jikina ne kawai ya mutu. Ina dafa abinci, ina juya ta, ina duba littattafan yara a gefen gadonta, duk kamar wata ce ke yi ina kallonta.

Ciwon kuwa bai jira mu gama gardama ba. Ta daina iya kwanciya a miƙe, sai a jingine da matasai. Ƙibar nan ta zube, zobenta ya koma faɗuwa cikin kwanon wanke hannu. Kafaɗarta ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu. Aka kawo tukunyar iskar numfashi aka ajiye inda keken ɗinki yake, keken aka tura shi bayan ƙofa. Magana ta zama sai ta tara numfashi, kalma biyu ta huta. Kuma kalma biyun nan da take samu da ƙyar, a kaina take kashe su.

"Kin je?"

Wata safiya na miƙa mata maganin zafi ta kawar da kai. Na sake miƙawa, ta rufe baki. Zufa na keto mata, hannunta ya damƙe zanin gado, amma ta ƙi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce mata wannan taurin kai ne irin na yara. Ta dube ni ta ce, "Hoto. Tukuna."

Na ɗauki mayafi na tafi.

Likita ta ɗora hoton a jikin fitila ta daɗe tana dubawa. Ta ce babu ruwa, babu kauri, huhuna lafiya lau. Na miƙe zan yi godiya ta ce in zauna.

"Malama, yau ne lafiya lau. Hoto ba ya nuna abin da bai fara ba. Yawancin waɗanda suka shaƙi abin nan har su tsufa ba ya taɓa su, wannan gaskiya ne, ki riƙe shi. Amma ba zan ce miki kin tsira ba. Ki riƙa zuwa ana dubawa. In kin ji ciwo a gefe ko numfashi ya canza, kada ki tsaya shan maganin tari."

"Har zuwa yaushe?"

"Ba ni da ranar da zan ba ki."

Na dawo na tarar da Inna yadda na bar ta, Auta na yi mata fifita duk da fanka na juyawa. Ta miƙo hannu na ba ta hoton. Ta ɗaga shi saitin taga, a juye ma ta riƙe shi, tana bin haƙarƙarina da ido ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba ɗinki.

"Fes?"

"Fes, Inna."

Ta tara numfashi. Na san abin da ke tafe, na ga tana haɗa shi.

"Shi ke nan?"

Auta ya tsayar da fifitar yana kallona.

"Shi ke nan," na ce.

Ta rufe ido, ta buɗe baki, na sa mata maganin ta haɗiye. Hannunta ya saki zanin gadon. Ba ta sake yi min tambayar ba, kuma cikin makon ta rasu.

Mutane sun ce na yi haƙuri, don ba su ga hawayena ba. Ni dai na koma aiki. Ajina a bene yake, kuma yanzu in na kai saman matakala ba na shiga kai tsaye. Nakan tsaya a bakin ƙofa, yara na ta surutu a ciki, in ja numfashi har ƙasa in ji ko ya kai. Yana kaiwa. Sai in sake ja.