Kuka Biyu da Gogen Kawu

Mu uku ne. Ni ce mai ogan, akwatin kiɗan nan da ake hura wa iska da ƙafa, wanda wata Baturiya 'yar mishan ta bari a majami'ar ƙauyenmu kusa da Ƙarfi lokacin da ta koma ƙasarsu, jim kaɗan bayan samun mulkin kai. Ita ta koya mini, kuma ba yabon kai ba, na iya. Na biyu kawuna ne, wan mahaifiyata, mai goge. Na uku wani siririn mutum ne mai kalangu, wanda ya yi shekaru yana yi wa mahauta kiɗa a kasuwar Malumfashi kafin ya karɓi baftisma. Surutu gare shi kamar me, in bakinsa ya gaji sai kalangun ya karɓa.

Daga baya mun yi suna daidai gwargwado. An kai mu bukukuwan aure a Tsiga, an kai mu babban taron majami'u a Funtua, inda aka ɗora ogan a bayan motar auduga, ya isa da hanci a toshe, sai da muka kwance shi muka kakkaɓe. Har gidan rediyo a Kaduna aka ɗauki kiɗanmu. Can mai kalangu ya samu wuri ya zauna, ya zama makaɗin da ake nema. Ni na koyar da waƙa a firamare har na yi ritaya. Kawu bai taɓa barin gonarsa ta dawa da auduga ba, ya ce birni ba ya da wurin shanya kunne. Amma saura kaɗan duk wannan ya zama babu, domin dattawan majami'a sun so a ƙona gogen.

Suna da hujjarsu. Kafin Kawu ya tuba, shi ne ke yi wa 'yan bori goge a duk ƙauyukan yankin. Kowa ya san in ya ɗora baka a kan tsirkiya, sai wani ya faɗi. Da ya shigo majami'a ya bar wannan sana'a, ya rataye gogen a ɗaka, amma ya kasa rabuwa da shi. Ni na san yakan sauke shi ya shafa wa izgar ƙaro, ya mayar ba tare da ya ja ko sau ɗaya ba. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi, ganin hannu irin wannan ya ƙare a kan fartanya kaɗai. Ni na matsa wa fasto har ya kai maganar shigo da gogen cikin waƙar majami'a gaban dattawa.

Babban dattijonmu mutum ne mai gaskiya, sai dai ba ya lanƙwasuwa. Ya ce a gwada Lahadi ɗaya. In aka tashi lafiya, goge ya zauna. In kuwa wani ya motsa irin motsin bori na da, to Kawu da hannunsa zai sa shi a wuta a ƙofar majami'a. Kawu ya ce ya yarda.

Muka fara gwaji a gindin mangwaron makaranta bayan an taso daga gona. Waƙar da muka zaɓa ta jana'iza ce da ta'aziyya, mai cewa a gidan Uba babu kuka. To ga inda gizo ke saƙar. Muryar waƙar daga Turai aka kawo ta, aka ɗora mata kalmomin Hausa, kuma daidai kan gaɓar ƙarshe ta kalmar kuka sai muryar ta sauko ƙasa. Duk Bahaushe ya san in ka sauke ƙarshen wannan kalma, ka bar hawaye ka koma bishiya. Shekara da shekaru muna tsayawa a bakin kabari muna shaida wa juna cewa a sama babu kukar miya. Tun muna yara muke ƙunshe dariya a wurin, manya kuma sun saba har sun daina ji.

Goge kuwa magana yake bi. Da muka zo wurin, na sauka yadda aka koya mini, Kawu ya tsaya a sama, mai kalangu ya matse hammata ya bi shi.

Kawu ya ce, "Ɗiyar nan, akwatin naki mi yake da shi da miyar mutane?"

Na ce, "Kawu, ai haka muka gaje ta. In muka taɓa, dattawa za su ce ka fara shigo da naka."

Ya ce, "Ni dai hannuna ba ya iya faɗin abin da bakina bai nufa ba."

Mai kalangu ya kwashe da dariya, ya buga kalmar iri biyu a kan fata, ta hawaye da ta miya, har matan da ke dawowa daga rijiya suka tsaya suna dariya. Na san haɗarin da ke ciki, amma ni ma na gaji da wannan miya. Na ɗaga yatsana na bar muryar a sama.

Ran Lahadi majami'a ta cika har tagogi, har da maƙwabtanmu Musulmi da suka tsaya daga nesa a inuwa, don labari ya bazu. Idon kowa yana kan mutum biyu: Kawu, da wata tsohuwa da muke kira Iya, wadda a zamaninta ba a yi 'yar bori kamarta ba. Ta haifi 'ya'ya da yawa, ƙyanda da zazzaɓi suka kwashe su, ba wanda ya kai aure. Kullum tana zaune a benci na baya, ba ta waƙa.

Muka fara. Baiti na farko jama'a suka sauka kamar yadda suka saba, mu muka tsaya a sama, aka ɗan yi karo. A na biyu wasu suka biyo mu. A na uku sai na ji benci ya yi ƙara a baya. Iya ta miƙe.

Waƙa ta mutu a bakin mutane. Ta taho ta tsakiya tana dogara sanda, jikinta yana kaɗawa. Na ga dattijo ya tashi tsaye. Na ga Kawu ya sauke baka ya ɗora gogen a cinya, ya rufe shi da tafin hannu kamar mai kare jariri daga rana. A raina na ce shi ke nan, na jawo masa.

Iya ta tsaya a gaban dattijo, idonta tar, babu alamar komai a tare da ita sai hawaye.

Ta ce, "Malam, ashe cewa ake ba a kuka a can?"

Ya ce, "Haka ne, Iya. Abin da muke faɗa ke nan tun farko."

Ta ce, "To ni ban taɓa jin kun faɗa ba sai yau. Ina ta tunanin yaran nan nawa, ko wa ke rarrashinsu."

Dattijo ya juya wajen Kawu, ya ce, "Ɗauki abinka. A sake mata daga farko."