Ruwan da Kawu Ya Ƙi Yarda da Shi

Shekara biyu na yi a Kalgo ina aiki daga gida. Kamfanin da ya ɗauke ni yana yin manhajar da ke sa kwamfuta ta zana haske da inuwa a wasannin kwamfuta. Ni nawa aikin shi ne in tabbatar kullum sassanta sun haɗu lafiya, sannan in duba hotunan gwajin da take fitarwa.

Wata safiya ina zaure, kawuna, wanda ya tsufa yana su, wato kamun kifi, ya leƙo ya ga hoton kogi a kwamfutata.

Ya ce, "Wanga fa, ɗana?"

Na ce, "Ruwa ne, Kawu."

Ya ce, "A'a, ruwa ba shi ƙyalli haka bai ɗaya. Wanga kwanon rufi na."

Na yi dariya, tunda gwaji bai nuna matsala ba. Amma da ya fita na koma bincike, sai ga shi kwana uku ana haɗa manhajar da tsohon sashen zana ƙyallin ruwa maimakon sabo. Kafin azahar na gyara.

Tun daga ranar yake zuwa da tabarmarsa mu duba hotuna tare, har daminar da ya rasu. Ina kewar zaman nan namu.