Malam Dalhatu Jaye da madubin da ya zaɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu 1985, da ƙarfe biyu da minti ashirin na rana, Allah ya karɓi ran Malam Dalhatu Jaye a gidan likita na Cadawa. Shi ne shugabana a aikin lura da tsuntsaye na sashen kare amfanin gona. Hamidu, wani makiyayi da ya daɗe da saninsa, ya tarar da shi da hantsi kwance ƙarƙashin gawo, kudu da Garin Labo, ya ɗauko shi a amalanke. Yana numfashi, amma bai yi magana ba har ya cika. Madubin hangen nesa, wanda muke kira jumel, yana rataye a wuyansa, an buɗe murafunsa.

Malam, bara na fito lakol, wato makaranta, aka turo ni hannunka. Aikin farko da muka yi tare shi ne zaɓen wannan madubi a magaza, ɗakin ajiyar kayan aiki, a Maradi. Iri uku aka ajiye mana, duk masu tsada. Na ɗauki mafi girma, mai jawo abu sau goma sha shida. Ba ka hana ni ba. Ka ce in kafa shi kan wata bishiya in karanta Fatiha. Kafin in kai rabi, bishiyar tana ta rawa.

"Ka gani, Idrisa? Kuma ga shi ka ci tuwo yau. Inda za mu, hannun mai yunwa zai riƙe shi."

Ka ɗauki mai sau takwas, mai faɗin gilashi, don ya tara haske da asuba. Ka duba gefe-gefensa ko launi yana zuba. Ka tambaya ko an toshe shi yadda ƙasa ba za ta shiga ba, ka rataya shi ka zaga magazar don ka ji nauyinsa. Ka ce daga nesa shamuwa da angulu duk baƙin ɗigo ne, sai farin cikin shamuwa ke raba su, kuma madubin da bai nuna wannan farin da sassafe ba, ba ya da amfani a gare mu.

An ba mu shi don neman makwancin tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi. Amma bara babu hatsin da za su ci. Sai ka mai da shi na kowa. Da shi ka hango balbelu suna sauka bayan tudu, ka nuna wa Hamidu inda sauran shanunsa suka ɓace. Tsofaffi mata sukan roƙe ka su duba hanyar kudu, ko ƴaƴansu da suka tafi cin rani suna dawowa. Ba ka taɓa cewa ba don haka aka yi shi ba. Kakan riƙe musu igiyar, ka juya musu shi har hanya ta fito.

Mutanen Garin Labo ba sa shuka sai shamuwa ta iso. Bara wani ya ce ya gan ta, suka shuka, iri ya ƙone a ƙasa. Suka sake, ya sake ƙonewa. Abin da ya rage musu na iri yanzu tulu ɗaya ne, an liƙe bakinsa da laka a ɗakin Maigari Labo, a garin da yara ke cin ganye. Maigari ya rantse ba za a fasa shi ba sai ka ce ka gan ta da idonka. Ka gaya masa ruwa na Allah ne, kai dai abin da ka gani za ka faɗa. Duk da haka ka ɗauki nauyin. Ranar Litinin aka aiko cewa an ga baƙaƙen tsuntsaye wajen fadama. Talata da asuba ka fita kai kaɗai, saboda ka riga ka tura ni Gazawa.

A zaman makoki Maigari ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, Allah ya jiƙan Malam. Mi ya gani?"

"Baba, bai faɗa ba."

"Ko da hannu bai nuna ba?"

"Na tambayi Hamidu, na tambayi likita. Bai nuna ba."

"Mata sun fara zama ƙofar ɗakina da ƙwarya. Ba su cewa komi. Ka ce mini shamuwa ce, in shuka, in huta."

Na so in ce masa haka, Malam. Ban ce ba. Da yamma matarka, Inna Zainaba, ta aiko mini da madubin a nannaɗe cikin rawaninka. Na duba shi. Gilashin bai fashe ba, kuma an juya shi zuwa mafi nisa. Na gaya wa Maigari gobe da asuba zan tsaya ƙarƙashin gawon nan, kuma abin da na gani kawai zan faɗa.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Zainaba, da ƴaƴanka Habi da Kadi, da ƴan uwa na Tibiri, da mutanen Garin Labo. Allah ya ba mu haƙuri, ya ba mu ruwa.

Ga abin da har yanzu ban sani ba, kuma ina roƙon duk wanda ya sani ya sanar da ni a buro, ofishinmu na Cadawa.

Ban sani ba ko faɗowa ka yi daga gawon, ko jiri ne ya kwantar da kai. Likita bai ga rauni ba.

Ban san ranar da ka ci abinci na ƙarshe ba. Inna Zainaba ta ce guzurinka yakan ƙare tun a hanya.

Ban san abin da ka hango ba.

Ban san ko tulun zai kai gobe a liƙe ba, ko kuma hannuna zai riƙe madubin ya tsaya.

Idrisa Sha'ibu, Cadawa